GYARAN SIFIRIN DA DAIDAITA TSAYIN MOTAR A-KORI-KURA

GABATARWA

Manomi, aikin gona bai ƙare ba sai amfani ya shiga rumbu ko ya isa kasuwa lafiya. A ƙauyukanmu motar a-kori-kura ita ce ta gaji jaki da amalanke wajen nisan zango. Ita ke kai takin zamani gona da bazara, ita ke fid da masara da dawa zuwa kasuwanni irin su Dawanau da Giwa da Saminaka da kaka, ita ce kuma ke jigilar tumatir da albasa da rani. Wani motarsa ce, wani ta ƙungiyarsu ce, wani kuwa haya yake ɗauka. Ko wanne ne kai a ciki, ran da sifirin ya karye a dokar daji da kwandunan tumatir a baya, hasarar taka ce. In kuwa motar ta kife da mutane a bisa kaya, to, abin ya wuce maganar kuɗi.

Yawancin wannan ɓarna ba ta zuwa farat ɗaya. Mota takan daɗe tana nuna alama, kuma babbar alamar ita ce yadda take tsaye. Wannan takarda za ta nuna maka yadda za ka auna tsayin motarka daga ƙasa, yadda za ka gane abin da awon ke faɗi, da yadda ake ɗaura sabon sifirin a daidaita shi. Ko da ba kai ne za ka riƙe sifana ba, sanin aikin zai sa ka tsaya kan bakanike ya yi maka shi yadda ya kamata.

SASSAN DA KE ƊAUKE DA MOTA

Kafin gyara sai an san sunan abu da aikinsa. Ka leƙa ƙarƙashin motar ka nemo waɗannan:

1. Sifirin baya. Fallayen ƙarfe ne da aka jera ɗaya kan ɗaya, masu lanƙwasa kamar baka. Babban falle shi ne mai ido biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Shi ke riƙe da mota, shi kuma ke riƙe da aksul kada ya gusa daga mazauninsa.

2. Kusar tsakiya, wadda makanikai ke kira santabol. Ita ta ɗinke fallayen wuri ɗaya, kuma kanta yana shiga wani ɗan rami a mazaunin aksul.

3. Yubol. Ƙarfe ne mai siffar takalmin doki, biyu a kowane gefe, su ke ɗaure sifirin da aksul tam.

4. Shakal. Ɗan lilo ne a idon baya. In mota ta ɗau kaya sifirin yakan miƙe ya ƙara tsawo, shakal ne ke ba shi hanya.

5. Bushin. Robobin da ke cikin idon sifirin da na shakal.

6. Shokazoba. Aikinsa ya kashe tsalle-tsalle bayan mota ta faɗa rami. Ka lura, shokazoba irin na yau da kullum ba ya ɗaga mota. Mutane da yawa sukan ga bayan mota ya zauna su ruga su sayi shokazoba, kuɗi ya tafi mota tana nan zaune.

7. Robar tokare. Dunƙulen roba ne tsakanin shasi da aksul. An sa shi don ranar tsiya, watau in mota ta faɗa babban rami. Ba a sa shi don mota ta riƙa tafiya a kansa ba.

Gaban mota kuwa iri-iri ne. Peugeot 404 da 504, waɗanda muke kira fijo, naɗaɗɗen sifirin gare su a gaba, kuma ba shi da wurin daidaitawa. Toyota Hilux da yawa da aka ƙera kafin wajen 2005 suna da sandar murɗi, watau doguwar sandar ƙarfe kwance a gefen shasi, mai noti na daidaitawa a ƙarshenta. Waɗanda suka biyo baya naɗaɗɗen sifirin aka sa musu. Tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu kuma akwai masu fallayen sifirin har a gaba.

ME YA SA TSAYIN MOTA KE DA MUHIMMANCI?

Masu ƙera a-kori-kura da gangan suka sa bayanta ya ɗan fi gaba tashi in babu kaya. Dalili, in ta ɗauki cikakken lodinta sai ta zo ta tsaya sosai, da sauran fili tsakanin aksul da robar tokare. Wannan filin shi ne numfashin mota.

In baya ya zauna ƙwarai, ga abin da ke biyowa:

Gaba yakan ɗaga, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. A kan kwana ko kan burji mai tsakuwa mota sai ta ƙi bin direba.

Fitilun gaba sukan haska sama, su kashe idon mai zuwa, kai kuma ba ka ganin rami.

Aksul yakan riƙa dukan shasi. Kowane duka yana shiga kayan da ka ɗauka. Tumatir ya farfashe, ƙwai ya fashe, dabba ta jigata. Daga baya shasi ya tsage daidai kan aksul.

Cikin mota da salansa sukan riƙa gugar kunya da tudun tsakiyar hanya.

In kuma an ɗaga mota fiye da kima, shi ma illa ne. Nauyi yakan hau sama ta yi saurin kifewa, tiyon birki ya miƙe har ya tsinke, shokazoba ya ƙure tsawonsa, furofela ta karkace ta riƙa cin kurosinta. Abin nema dai shi ne tsayin da aka ƙera ta da shi, ba ƙasa ba, ba sama ba.

ALAMUN DA ZA KA DUBA

Ka tsaya bayan motar da ɗan nisa in babu kaya. Ta karkata gefe ɗaya?

Ka dubi sifirin daga gefe. Bakan nan yana nan, ko ya miƙe sambal, ko ma ya juya ƙasa?

Ka dubi inda robar tokare ke taɓawa. In wurin ya yi sumul yana ƙyalli, mota tana yawan zama a kai ke nan.

Ka bi fallayen ɗaya-ɗaya. Jan tsatsa mai kama da garin barkono da ke fitowa daga tsakaninsu ko daga gindin yubol alama ce ta ƙarfe na gugar ƙarfe, watau wani abu ya kwance ko ya tsage.

Ka sa yaro ya bi ku a baya da babur. In mota tana tafiya a karkace kamar kare, kusar tsakiya ta karye aksul ya gusa. Wannan ba a kwana da shi.

Ka danna kusurwar mota da ƙarfi ka saki. In ta yi ta lilo fiye da sau ɗaya ko biyu, ko ka ga mai yana tsiyaya jikin shokazoba, to, shokazoba ya mutu.

YADDA AKE AUNAWA

Ido yana ruɗi, tef ba ya ƙarya. Abin da kake bukata shi ne tef na awo irin na kafinta, da alli, da littafin rubutu.

1. Ka nemi wuri mai daidai, kamar daɓen siminti na sito ko na gidan mai. Awo a kan gangare ko yashi aikin banza ne.

2. Ka sauke kome da kome daga mota, ban da safaya da jak. Kowa ya fito. Tankin mai ya kasance cike, ko kuwa daidai inda yake duk lokacin da za ka sake awo.

3. Ka kai wa mai faci ya daidaita iskar tayoyi huɗu bisa ga abin da aka rubuta jikin ƙofa ko cikin littafin motar.

4. Ka tura motar gaba da baya kamar taku biyar, ka danna gaba da baya sau uku-uku don ta zauna da kanta. Sitiyari ya kasance a miƙe.

5. Ka auna daga tsakiyar wili, watau cibiyar taya, ka miƙe sama sak zuwa leɓen madigadi. Ka yi haka a ƙafa huɗu. An fi son awo daga tsakiyar wili maimakon daga ƙasa, don girman taya ko cinyewarta kada su shiga lissafi. In madigadi ya taɓa lotsewa ko an sake bodi, sai ka auna daga saman aksul zuwa ƙasan shasi.

6. Ka auna filin da ke tsakanin robar tokare da inda take sauka, hagu da dama.

7. Ka rubuta duka tare da kwanan wata.

Sa'an nan ka ɗora lodin da aka yarda wa motar, ka sake awon nan duka.

ABIN DA AWON KE FAƊI

Hagu kake gwadawa da dama, awon yau kuma da awon da ka rubuta a baya ko wanda ke cikin littafin motar. Kada ka gwada lambar gaba da ta baya kai tsaye, don yankan madigadin gaba da na baya ba ɗaya ba ne.

Bambancin da bai wuce santimita 1 ba tsakanin hagu da dama ba abin damuwa ba ne. In ya haura santimita 1 da rabi, watau ya fi rabin inci, akwai abin nema.

Ga misali. A ce bayan hagu ya ba ka santimita 52, bayan dama 49, gaban hagu 48, gaban dama 47. Ka ga bayan dama ya faɗa da santimita 3. Ka kuma lura gaba ma ya ɗan bambanta. Mota kamar gado ce mai ƙafa huɗu, in ƙafa ɗaya ta gajarta sauran ma sai sun nuna. Saboda haka ka fara gyara inda bambanci ya fi yawa, ka sake awo, kafin ka taɓa wani wuri. Sau da yawa in an gyara baya gaba yakan koma daidai da kansa.

Da cikakken lodi, lalle ne a sami fili tsakanin robar tokare da aksul, ko da na yatsu biyu ne. In roba ta zauna daram tun mota tana tsaye, ɗayan biyu ne: ko sifirin ya gaji, ko kaya sun yi yawa.

KAFIN KA ZARGI SIFIRIN, DUBI LODINKA

Yawancin ƙananan a-kori-kura abin da aka yarda musu bai wuce wajen tan 1 ba, watau kilo 1,000, wasu ma ba su kai ba. Ainihin lambar motarka tana kan ɗan farantin da aka manna jikin ƙofa ko cikin gidan inji, ko a littafinta. Cikin wannan nauyi har da direba, da yaran mota, da fasinja, da ƙarafan da aka ƙara wa bodi.

Buhun takin zamani kilo 50 ne. Buhun masara cikakke wajen kilo 100 ne. Ke nan buhu 20 na taki ko buhu 10 na masara sun cika tan ɗaya tun mutum bai hau ba. Mai ɗora buhu 18 na masara ya sa mutum shida a kai, ba gyaran sifirin yake bukata ba, sawu biyu yake bukata. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ban da haka, lodi fiye da kima laifi ne da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ke kama mota a kansa.

Inda ka ajiye kayan ma yana da nasa. A ce tsakanin tayar gaba da ta baya mita 3 ne, ka kwantar da ƙofar baya ka ɗora buhu 3 na masara can, mita 1 bayan aksul. Kilo 300 ka ɗora, amma aksul na baya kilo 400 zai ji, tayoyin gaba kuma su rasa kilo 100 na nauyin da ke danne su ƙasa. Haka sikeli yake aiki. Don haka masu nauyi su zauna kusa da kan mota da bisa aksul, a raba su daidai hagu da dama, marasa nauyi su zo baya da sama.

SAYEN KAYAN GYARA

Ka tafi kasuwa da tsohon sifirin, ko da awonsa a rubuce: daga idon gaba zuwa kusar tsakiya, daga kusar tsakiya zuwa idon baya, faɗin falle, kaurinsa, da yawan fallaye.

Sifirin baya biyu ake sakewa tare. In ka sa sabo gefe ɗaya ka bar gajiyayye ɗaya gefen, mota za ta karkace, sabon kuma ya gaji da wuri.

Yubol da notinsa sababbi za ka saya. Wanda aka taɓa ɗaurewa ya riga ya miƙe, zarensa ya ci, ba zai sake kamawa kamar da ba. Kuɗinsa kaɗan ne in an gwada da kuɗin sifirin da zai karya.

Bushin ma sababbi. In na hannu za ka sayi sifirin, ka kankare tsatsa ka duba kusa da ido da kusa da ramin tsakiya, nan ne tsaga ke farawa. Ka ajiye biyun ƙasa gefe da gefe ka ga bakansu ya zo ɗaya.

YADDA AKE ƊAURA SIFIRIN BAYA

Tun daren jiya ka jiƙa dukan notuna da kananzir haɗe da baƙin mai.

GARGAƊI: Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Kada a tokare ta da bulo ko tubali, sukan fashe ba sallama. A yi amfani da ƙafafun ƙarfe na makanikai ko manyan gumagumai masu faɗi. Ka tuna birkin hannu tayoyin baya yake kamawa, in ka ɗaga baya ba ya riƙe kome. A sa weji gaba da bayan tayoyin gaba duka biyu.

1. Mota ba kaya, a kan ƙasa mai tauri. Ka sassauta notunan taya, ka ɗaga baya, ka tokare shasi gaba kaɗan da inda idon sifirin yake. Ka cire taya. Jak ya zauna ƙarƙashin aksul yana tallafe da shi.

2. Gefe ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗayan. Wanda ba a kwance ba shi ne abin koyi in an rikice.

3. Ka kwance gindin shokazoba, sa'an nan notunan yubol da farantinsu.

4. Ka raba aksul da sifirin. In sifirin yana ƙarƙashin aksul, ka ɗan ɗaga aksul da jak. In yana bisa, ka ɗan sauke shi. Idonka na kan tiyon birki da wayar birkin hannu, kada su ɗau nauyin aksul.

5. Ka cire shakal, sa'an nan kusar idon gaba. Mutum biyu su sauke sifirin, yana da nauyi.

6. Ka jera tsoho da sabo. A yawancin motoci kusar tsakiya ba a tsakiya sak take ba, ɓangaren gaba ya fi gajarta. In aka juya shi, taya ba za ta zauna tsakiyar madigadi ba.

7. Ka sa bushin da ruwan sabulu. Ban da baƙin mai ko giris na gari, suna cin roba.

8. Ka rataya idon gaba, sa'an nan shakal. Ka ɗaura notunansu da hannu kawai, kada ka ƙulle tukuna.

9. Ka goge mazaunin aksul tas, ba laka ba tsatsa. Ka daidaita shi har kan kusar tsakiya ya faɗa raminsa. Ka leƙa ka tabbata, kada ka yi zato.

10. Ka sa sabon yubol. Notuna huɗu ne, a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye uku ko huɗu, har zaren da ya fito ya zo ɗaya a dukansu. In bakanike yana da sifana mai awon ƙarfi, a ƙulle su bisa lambar da ke littafin motar.

11. Ka mai da shokazoba da taya. Ka yi ɗaya gefen haka nan.

12. Ka sauke motar ƙasa, ka tura ta gaba da baya, ka danna ta sau da yawa. YANZU NE za a ƙulle notunan idon gaba, da na shakal, da na shokazoba.

Wannan mataki na 12 shi ne wanda aka fi tsallakewa, don ƙullewa ta fi sauƙi mota tana sama. Amma in an ƙulle bushin tayoyi suna rataye, da an sauke mota robar za ta murɗe ta zauna a murɗe. Mota za ta tsaya sama fiye da gaskiyarta, awonka ya ruɗe ka, robar kuma ta yage ba da jimawa ba.

In fallaye za a warware don a sake guda ɗaya, a matse su da matsi na ƙarfe gefe biyu kafin a kwance kusar tsakiya, a kuma sassauta a hankali. Ƙarfin da ke cikinsu ya isa ya karya hannu. Kusar tsakiya ma sabuwa za a mayar.

DAIDAITA GABA

Sai baya ya daidaita ake zuwa gaba.

Mota mai naɗaɗɗen sifirin: in gaba ya zauna, magani shi ne a sake biyun. Aikin bakanike ne mai abin matse sifirin. Kada ka yarda a ɗaure shi da igiya ko waya, in ya kuɓuce kisa yake yi.

Mota mai sandar murɗi:

1. Ka auna ka rubuta. Ka wanke zaren notin daidaitawa ka sa masa mai, ka yi masa alama da alli.

2. Ka ɗaga gaba ka tokare shasi, don nauyi ya sauka daga kan sandar. Juya noti da nauyin mota a kai yana cinye zare.

3. Ka sassauta notin kulle. A yawancinsu ɗaurewa ke ɗaga mota, sassautawa ke sauke ta. Ka juya zagaye ɗaya ko biyu, kana ƙirgawa.

4. Ka sauke, ka tura, ka danna, ka auna. Ka maimaita har hagu da dama su zo ɗaya a tsayin da littafi ya ce. Sa'an nan ka ƙulle notin kulle.

5. Ka duba robobin tokare na gaba, na sama da na ƙasa. Kowanne ya kasance da fili. In ka ɗaga gaba har hannun taya ya kusa zama kan robarsa, mota za ta yi tauri kamar amalanke, ta riƙa cin bol-joyin da tayoyi.

In noti ya ƙure zare mota ba ta taso ba, sandar ta gaji, sai sabuwa. Sandar hagu da ta dama akwai alama a kan kowacce, ba a musanya su.

BAYAN AN GAMA

Alaimen. Duk lokacin da tsayin gaba ya canja, tsayuwar tayoyin gaba ta canja. A kai ta a daidaita, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye gefe ɗaya kafin kaka ta wuce.

Birki. A-kori-kura da yawa suna da wata 'yar na'ura a shasi wadda aka haɗa da aksul na baya da siririn ƙarfe. Ita ke jin yadda baya ya zauna, ta ƙara wa birkin baya ƙarfi in akwai kaya, ta rage in babu. In tsayin baya ya canja, sai an sake daidaita ta. Kada ka bari a cire ta ko a ɗaure ta da waya. Ka gwada birki a fili inda ba mutane, ba kaya, sa'an nan da kaya.

Fitila. Da dare ka fuskanci bango ka ga hasken bai tashi sama ba.

Sake ɗauri. Sabon sifirin yakan zauna, fenti da ke tsakanin fallaye ya goge, yubol ya yi sako-sako. Bayan tafiyar wajen kilomita 100 da kaya, a sake bin notunan yubol. A kuma sake bayan mako biyu, a auna tsayi, a rubuta. Wannan awo shi ne abin gwajinka nan gaba. Sakon yubol yana cikin manyan abubuwan da ke karya sifirin daidai tsakiya.

ƘARIN FALLE

Direbobi da yawa sukan ƙara falle ɗaya ko biyu. In sifirin lafiyayye ne, motar kuma kullum tana aiki kusa da iyakar lodinta a mummunar hanya, ƙarin falle ɗaya a kowane gefe yana taimako. Sharaɗi: faɗinsa da bakansa su dace, a sa shi a jerin tsawonsa, a sa doguwar kusar tsakiya da dogon yubol, a kuma sake daidaita na'urar birkin nan.

Amma ka riƙe wannan: ƙarin falle bai ƙara wa aksul ƙarfi ba, bai ƙara wa taya ba, bai ƙara wa birki ko shasi ba. Motar tan ɗaya tana nan tan ɗaya. Abin da ya canja kawai shi ne ta daina nuna maka ta gaji. In fallaye suka yi yawa kuma, mota ba kaya sai ta riƙa tsalle a kan gargada, bayanta yana zamewa.

ABUBUWAN DA ZA KA GUJE WA

Walda a jikin falle, ko gasa shi da wuta don a lanƙwasa. Zafi yana kashe ƙarfin sifirin, wurin nan ne zai karye.

Dukan falle da guduma don a mai da bakansa. Yana ɗaga mota na ɗan lokaci, sa'an nan ta koma. Dabarar isa gida ce, ba gyara ba.

Cusa katako ko guntun taya tsakanin aksul da shasi.

Dogon shakal na ƙirar maƙera, ko jera guntayen ƙarfe tsakanin sifirin da aksul.

Tafiya da karyayyen babban falle an ɗaure da roba. In ya zama tilas, a sauke kaya, a lallaɓa zuwa gareji mafi kusa.

LOKUTAN DUBAWA

Kowane mako: a wanke laka daga sifirin, a leƙa fallaye da yubol da shokazoba.

Kafin jigilar taki, wajen watan Afrilu zuwa Mayu: a yi cikakken awo.

Kafin kaka, wajen watan Satumba: a sake awo, a yi duk gyaran da ya kama. Damina takan bar hanya da ramuka, lodi mafi nauyi kuma yana tafe. Wanda ya bari sai masara tana jibge a gona, zai yi gyara cikin gaggawa, ya kuma biya hayar wata motar.

In motar ƙungiya ce, a ajiye littafin awon wurin magatakarda, a riƙa ware wani abu daga kuɗin kowane sawu don gyara. In haya kake ɗauka, kafin a fara lodi ka zagaya ka leƙa. Motar da ta zauna kan roba tun ba kaya, kada ka ba ta amfanin shekararka.

KA TUNA

Auna kafin ka sayi kome.
Gyara lodi kafin ka gyara sifirin.
Sifirin biyu tare, yubol sabo.
Ƙulle bushin mota tana ƙasa.
Baya tukuna, sa'an nan gaba.
Sake ɗaure yubol bayan tafiyar farko.

Rigakafi ya fi magani. Don ƙarin bayani sai ka tuntuɓi malamin gona na yankinku, ko sashen injunan noma na ofishin gona mafi kusa da kai.